Tandar da Ta Ƙi Ɗaukar Wuta

Sana'ar nan wahala ce, ba wani abu ba. Ta ci mini baya, ta ci mini gwiwa, ga tarin da hayaƙi ya bar mini wanda ko asibiti sun gaji da shi. Duk wanda ya ce maku ginin tanda da tukwane wasan laka ne, ku ce ya zo ya taka mini yumɓu na wuni guda. In ya tashi sallar asuba bai dafa bango ba, na yarda da maganarsa.

Da ku nake, samarin da ke tsayawa bakin rumfata nan Ƙanƙara, kowa da waya a hannu, kuna nuna mini wani yana murza laka a kan faifai, kafin ƙiftawar ido tukunya ta fito. Kuna cewa, "Baba Lawal, wannan ai ko mu ma iya." Ku iya ɗin. Siffa ba ita ce aikin ba, kowa ya daɗe yana taɓa laka zai fitar da siffa. Aikin yana cikin wuta, ita kuwa wayar ba ta nuna maku wuta.

Na koya a hannun kawuna, Kawu Ɗan'azumi, a wani ƙauye gefen Sabuwa. Mutum ne mara yawan magana, in ya faɗa maka abu sau ɗaya ya gama. Na daɗe a gidansa ban gina ko murfin tukunya ba. Aikina haƙar yumɓu da diga, jiƙa shi, tsince tsakuwa, sai dakan tsingaro, wato fasassun tukwane, a turmi har su zama gari a zuba cikin laka don kada ta tsage wajen bushewa. Sai taka. Ka yi ta taka da diddige har ka daina jin ƙafarka taka ce.

Ranar da ya fara koya mini ainihin aikin, bai ba ni laka ba. Tsingaro biyu ya tsinto a bakin matoya, inda muke gasa kaya, ya goge su a rigarsa ya miƙo mini.

"Lasa."

Na dube shi.

"Na ce lasa, ko kunnenka ma laka ne?"

Na ɗora harshe a na farko, ya kama mini harshe kamar zai tafi da fata. Na biyun kuwa sumul, yawuna na nan kwance a kansa bai shiga ba. Ya ce na farkon randa ce, na biyun tanda. Ƙasa ɗaya, rami ɗaya, hannu ɗaya ya gina su. Wuta ce ta raba su.

Ga yadda abin yake, ku saurara don ba zan maimaita ba. Yumɓu in ya sha wuta kaɗan, cikinsa ƙofofi ne ƙanana da ido ba ya gani, iska ce zaune a ciki. Shi ya sa yake kama harshe, ƙishirwa gare shi. Zafi kuma ba ya iya tafiya cikin iskar da ke zaune wuri ɗaya. In ya zo nan sai ya cije, kamar mai keke ya faɗa rairayi. In kuwa yumɓu ya sha wuta sosai, ƙwayoyin ƙasar su matse su riƙe juna, ƙofofin su toshe, zafi ya samu hanya ya bi ya fita ta ɗaya gefen. To randa kana son ta da ƙofofi, ta riƙa gumi, iska ta busa gumin, ruwa ya yi sanyi. Randar da ba ta gumi tulun ado ce. Tanda kuwa, wadda ake soya waina a ciki, kana son zafin garwashi ya ratsa ta ya iske ƙullu, kuma ya iske kowane gurbi daidai. Ka kuma wuce gona da iri wajen gashi, ta yi tauri kamar tangaran, ranar da aka ɗora ta a murhu ta ce tas, ta rabe biyu da ƙullun mutane a ciki. Tsakanin "bai isa ba" da "ya yi yawa" ɗan siririn wuri ne, kuma a nan muke cin abinci.

Shi ya sa jera kaya a matoya ba zubawa ake yi ba. Tanda da kasko a tsakiya, inda icce mai nauyi yake, inda wuta ke daɗewa. Randuna da tuluna a gefe, a rufe da kara da kandilo, busasshen kashin shanu. Ka dubi iska ta ina take kaɗawa. Ka dubi launin wutar ta kafar da ka bari: in ja ce mai duhu da saura, in ta fara komawa ruwan lemo tanda ta kusa. Babu agogo a wannan aiki. Gashin girata sun ƙone sun fito sun ƙone har suka yi fushi suka daina fitowa.

Da na kama kaina sai na koma wani ƙauye yamma da Faskari, ba don komai ba sai don wata fadama da ke can bayan gonaki, kusa da bakin daji. Baƙin yumɓu ne a wurin, mai danƙo, in ka murza shi a yatsa kamar man kaɗanya. Ba ya son wuta mai yawa, da icce madaidaici ya matse ya toshe. Kayan aikina ba su cika buhu ba: guntun katako na bugu, tsumma, ɗan ƙoƙo da nake danna gurabun tanda da shi, da dutsen rafi mai santsi na goge fuska. Da su na ci kasuwar Faskari, na ci Daudawa, na ci Ƙetare, har na iso Ƙanƙara.

Tandar farko da na kai wa Hajiya Barira ba na mantawa da ita. Hajiya Barira ita ce babbar mai waina a tashar Ƙanƙara, dattijuwa mai kaifin baki, ta girme ni nesa. Duk matan da ke soya waina a garin ita suke kallo: inda ta sayi shinkafa nan za su saya, tandar da ta ɗora ita za su nema. Na ajiye mata tandar, ba ta ko amsa gaisuwata da kyau ba. Ta ƙwanƙwasa da zobe, tandar ta amsa ƙal. Ta ɗiga ruwa a gurbi ɗaya ta tsaya tana kallo ko zai shige. Sannan ta shafe ta da mai ta ɗora a garwashi, ta riƙa shawagi da tafin hannu a saman kowane gurbi, na tsakiya, na gefe, na ƙurya.

"Wa ya koya maka?"

"Kawuna, Hajiya, can Sabuwa."

"Allah shi jiƙan shi in ya mutu. In shina da rai ka gaishe shi. Kai kau ka riƙa wanke wuyanka in za ka zo wurin abinci."

Tun daga ranar ni ne maginin tandarta, ta dalilinta kuma na zama na sauran matan. Tukwane da randuna roba da ƙarfe sun daɗe da kashe masu kasuwa. Tanda ce ta riƙe ni, tandar kuma Hajiya Barira ce ta riƙe ta. Masu zubin dalma sun sha kawo mata tasu, mai ƙyalli, mara fashewa, tana kora su. Takan ce wainar dalma fuska gare ta ba ciki.

Sai shekarar da mutanen daji suka matsa mana. Ba zan tsaya ba ku labarinsu ba, kun san shi, wasunku da shi kuka girma. Abin da ya shafi sana'ata biyu ne. Fadamar yumɓuna ta zama hanyarsu. Icce kuma ya zama abin da ba mai shiga daji ya saro, wanda ya iso kasuwa ya fi ƙarfin mai gasa laka. Muka kwashe abin da za mu iya ɗauka muka taho Ƙanƙara, aka ba mu aron ɗaki biyu a bayan gari.

Ban iya zama ba. Kullum da safe in saɓa diga in fita, rafi rafi, kududdufi kududdufi, ina haƙa ina murzawa ina ɗanɗanawa, har mutane suka fara nuna ni da baki. Ƙasar Ƙanƙara kun san ta, fari ya yi mata yawa, ga motoci nan kullum suna lodin farar ƙasa suna fita da ita. Yumɓun da na samu duk da farin nan a jikinsa. A hannu ba shi da laifi, laushi kamar garin alkama. Na gina tanda da shi ta fito kyakkyawa, har na ji daɗi.

Gashin farko na yi shi da abin da nake da shi, kara da kandilo da 'yan ƙiraren da na tsinto. Da ta huce na zaro ta. Fara sol, gwanin kyau, wadda ba ta san aiki ba za ta saya don ado. Na ƙwanƙwasa, ta amsa mini ɓus, kamar ka bugi kabewa. Na ɗora harshe, sai da na ja shi da ƙarfi. Wannan ƙasa ba ta jin wutar kara. Wutar da za ta narkar da baƙin yumɓun fadama, ita ko gezau, ƙofofinta na nan buɗe.

Na mayar da ita wuta karo na biyu. Haka. Na haƙa rami mai zurfi na rufe da tsingaro don zafi ya taru. Ta ɗan yi dama, ba ta kai ba. Na rage kaurin gurabun don zafi ya samu gajeriyar hanya, suka riƙa ɓurmewa tun a hannu. Na goge fuskar da dutse har tana ɗaukar ido. Fuskar ta toshe, ciki na nan yadda yake. Wani ya ce in sa tsoffin tayoyi, wutarsu ta fi ta icce. Na ce abin da za a ci abinci a ciki ba na gasa shi da taya. Wani ya ce in cuɗa da jar ƙasar bulo. Na cuɗa, ta tsage tun kafin ta bushe. Bayan ɗakinmu ya cika da fararen tandaye kamar maƙabarta.

Ana cikin haka tsohuwar tandar Hajiya ta tsage. Ta aiko aka kira ni. Na iske ta ɗaure ta da waya tana lallaɓawa.

"Lawali, ka gani dai. Wagga ba ta kai ni wata."

"Na gani, Hajiya. Ƙasar ce ba ni da ita."

"Ƙasa? Duk ƙasar da Allah ya shimfiɗa a Ƙanƙara, har ana ɗiba a mota, kai ka ce ba ka da ƙasa?"

"Ba irinta ba ce."

"To ni ban san iri ba, waina na sani. Ga masu dalma can sun ishe ni da zarya. In ka kawo, kai ne. In ba ka kawo ba, kar ka ce na yi maka butulci."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma na san in ta ɗora dalma, kafin sati ya zagayo duk matan garin sun ɗora.

Na yanke shawarar komawa fadamar, ko buhu ɗaya in samo. Na shiga mota zuwa Faskari, na nemi Sani, ɗan maƙwabcina na da, wanda yanzu yake acaba a bakin kasuwa. Na faɗa masa inda za shi kai ni. Ya kashe mashin ya sauko.

"Baba, mi ka ce?"

"Fadama. Mu tahi da hantsi, kahin azahar mun dawo."

"Laka za ka ɗebo?"

"Laka."

"Baba, mutane na biyan kuɗi a hiddo su daga wurin nan, kai kana son ka biya a kai ka? In sun tare mu in ce masu mi? Wanga tsoho tanda zai gina?"

"Ba ka zuwa dai."

"Ko mashin ɗin ka ce in ba ka kyauta ka tahi kai ɗaya, sai in ɓoye makulli. Zamna ka sha hura."

Na zagaya wajen wasu, duk maganar ɗaya ce. Na taka da ƙafa har ƙarshen gari, inda hanyar ƙauyenmu ta rabu, na iske ciyawa ta rufe ta, babu sawun jaki babu na keke. Na daɗe tsaye da diga a kafaɗa. Sannan na juyo na hau motar Ƙanƙara da buhuna a naɗe.

Na zaɓi wadda ta fi dama cikin fararen, wadda ta sha wuta har sau uku, na dafa ta da mai kwana da kwanaki don ta ƙoshi, na kai wa Hajiya da sassafe. Ban ɓoye mata ba, na ce ƙasar nan ce, a gwada. Ta ƙwanƙwasa, ta dube ni. Ta ɗora ta a garwashi.

Direbobi da 'yan kamasho sun yi layi da kwanoninsu. Tanda ta daɗe a wuta, Hajiya na shawagi da hannu, tana ƙara gawayi, tana fifita. Ƙasan tandar ya yi ja, samanta kuwa ɗumi-ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ta zuba mai, tandar ta shanye. Ta ƙara, ta shanye. Ta zuba ƙullu. Wainar kirki da ta taɓa gurbi za ka ji cuu, gefenta ya tashi ya yi ja. Wannan shiru. Ƙullu ya kwanta fari, ya ƙi tashi, da ta sa cokali ta juya sai ya kama ya dagargaje.

Wani direba ya ce, "Hajiya, yau waina ce ko koko?"

"Ka tambayi mai tanda, ga shi nan tsaye kamar an dasa shi."

Ta sa tsumma ta sauke ta, ta mayar da tsohuwar mai ɗaurin waya.

"Lawali, wagga ba tanda ba ce, bango ce. Na sa wuta a bayanta ta hana ta wucewa. Ta sha man da zan yi wuni da shi, ko godiya babu."

Na miƙa hannu zan ɗauka, ta ce in bar ta nan, kar in ƙone.

Ba a yi sati ba ta ɗora dalma. Sauran matan suka bi, kamar yadda na sani. Sana'ar tanda ta mutu a hannuna ke nan, kuma har yau ba ta tashi ba, kada ku zaci labarin zai juya.

Na daina bi ta tasha. Na yi 'yan kwanaki ina lodin farar ƙasa a ramukan bayan gari, ƙasar da ta kashe ni ita nake ɗorawa a mota, baya ya ce bai yarda ba. Na yi tunanin Funtuwa, na yi tunanin komawa Sabuwa, can ɗin ma ba lafiya. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe ban san inda za ni ba. Wata rana da hantsi ƙafa ta ɗauke ni ta bayan tasha, ina sauri, sai na ji muryarta.

"Kai mai bango! Gudu kake? Zo nan."

Na je na durƙusa na gaishe ta. Ga tandar dalma na ƙyalli a kan murhun ƙarfe, irin wanda maƙera ke yi da tsohon wilin mota. Waina na fita da sauri, baki-baki a gefe.

"Ƙaƙa sabuwar tanda, Hajiya?"

"Tana nan, ba ta da haƙuri, kamar 'yan yanzu. Ka juya kai ta ƙone. Ba ita na kira ka ka gani ba. Dubi nan, ka ga inda na sama wa abarka aiki."

Na leƙa. Ta fasa farar tandata gida-gida, ta jera gutsattsarin a tsaye cikin murhun, sun zagaye garwashin, tsakaninsa da ƙarfen.

"Wanga murhu ya gasa mani ƙauri shekara da shekaru, dubi tabo. Ran nan na ce tunda abar nan ta iya hana wuta wucewa, bari ta hana ta zuwa ƙahwata. Taɓa ka ji."

Na kai bayan hannu jikin ƙarfen da tsoro. Murhun da a da ko kusa ba ka iya zama da shi, na ɗora tafin hannu na bar shi a kai. Ciki garwashi ja wur, zafin duk ya rasa hanyar gefe, ya tattaru ya miƙe sama inda tanda take.

"Gawayi fa?" na ce.

"Wanda ke ƙare mani kahin azahar yanzu shina kai ni la'asar da saura. Amma sai zamewa suke, kullum ina gyara su da cokali."

Na tsuguna ina kallon gutsattsarin. Wata da watanni ina faɗa da ƙofofin nan ina son in toshe su. Ashe ba a inda ya kamata na ajiye su ba ne. In ƙasa mai ƙofa kaɗan ta yi wannan, wadda aka cika ta da ƙofofi da gangan fa? Ka cuɗa laka da wani abu mai ƙonewa, ƙanana-ƙanana, wuta ta cinye shi a matoya, kowace ƙwaya ta bar gurbinta fanko. Kuma wannan ba ya bukatar icce mai nauyi, wutar kara ta ishe shi.

"Hajiya, in na gina maki bangon nan guda, zagayayye, mai kauri, daidai cikin murhun, da ƙofar iska a ƙasa?"

"Tanda dai kar ka sake kawo mani, na gama da kai nan wurin."

"Ba tanda ba."

"To kawo in gani. In ya yi, Ladi da Hajiya Abu, masu waina irina, duk ƙaurinsu ya gasu, su ma sa so. In bai yi ba in hwasa maka shi a ka. Ungo waina, ka rame kamar karan da kake gashi da shi."

Na karɓa, na tsinke igiyar buhun da nake yawo da shi, na auna faɗin murhun da zurfinsa, na ƙulla.

Washegari da na idar da sallar asuba ban ɗauki diga ba. Buhu na ɗauka na nufi injin casar shinkafa da ke hanyar Ƙetare, inda suke tara buntu, ƙaiƙayin shinkafa, tsibi guda suna rasa yadda za su yi da shi. Na iske mai injin yana buɗe ƙofa. Na ce ya ba ni buntu cikin buhu, mai laushin, ba mai tsakuwa ba.

Ya ce, "Malam Lawal, kiwon kaji ka koma?"

Na ce, "A'a. Laka zan je in lalata."

Na cika buhun, na ɗora a ka, na kama hanyar gida kafin rana ta yi zafi.